Ƙaguwa da Ƙafafun Dama Huɗu

Tun da muka dawo ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin famfo tambaya, har mai ƙosan ƙofar gidanmu sai da ta riƙe mini ƙunshi ta ce ba ta saki sai na ba ta labari. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya tambaye ni in miƙa masa. Amma masu jiran labarin Yamai su yi haƙuri. Abin da ya faru tsakanin Keita da Madawa zan faɗa, don a nan ne tafiyar ta kusa mutuwa tun ba a fara ta ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rakiya, mutuniyar Babankatami, ina koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, a Keita. Waɗanda suka san ni kuma sun san ba a rabon haƙuri aka haife ni ba. Ɗalibaina ne suka haɗa robo, wato na'ura mai tafiya da kanta, da hannu ɗaya na ɗaukar kaya. Sun yi ta da injin goge gilashin mota, da batirin babur, da falankin tsohon tebur. Suka sa mata suna Ƙaguwa, don burinsu ta yi tafiya gefe ba tare da ta juya ba. A baje kolin ƙere-ƙeren ɗalibai da za a yi a Yamai, ana so robo ya shiga lungu matsattse ya ɗauko kaya, kuma mai juyawa sai ya bugi bango.

Mai wannan dabara ita ce Gaishita, Buzuwa daga Ibohaman, ƴar ajin ƙarshe. Siririya ce, mai kunya, in tana magana sai ka kasa kunne sosai. Hutu biyu ta ƙi zuwa gida saboda Ƙaguwa, kuma bana ce damarta ta ƙarshe, don baɗi ba ɗaliba ba ce. Shugaban makarantarmu, provizar, ya kafa sharaɗi. Sai ya ga bidiyo a wayarsa, Ƙaguwa tana tafiya gefe, kafin la'asar ta Juma'a. In bai gani ba, ba zai saki sauran yaran su same mu a Madawa ba, ba kuma mai zuwa Yamai. Ya ce ba zai kai sunan makaranta a yi masa dariya ba.

Komai ya kammala sai ƙafafu, su kuwa ba taya ba ce irin wadda kuka sani. Kowace ƙafa faifan ƙarfe ne da aka yanka bakinsa kunne-kunne, aka murɗe kowane kunne ya karkace. A jikin kunnuwan ake ɗaura ƴan ƙananan tayoyi na roba mai tauri, masu siffar dabino. Ƙafa biyu kunnuwansu su kwanta dama, biyu su kwanta hagu. In suka yi ja-in-ja, turin gaba da na baya su kashe juna, sai na gefe ya rage. A Keita ba mai injin fere irin wannan. Aka ce mana sai Madawa, wurin wani dattijo, Baba Arzika, mai injin da suke ce wa tur. Muka tura masa zane ta waya, ya aiko cewa aiki ya yi. Na ce zuwa da kai ya fi aike, ni da Gaishita za mu je mu ɗaura da hannunmu.

Ranar Laraba da safe muka hau wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol. Direba ya so ya ɗora kartan ɗin Ƙaguwa a sama tare da buhunan wake. Gaishita ta rungume kartan ta zauna. Haka ta riƙe shi a cinya har Buza, kamar mai jego. Kusa da ni wata tsohuwa ce da kaji a kwando, ga wani bawan Allah da bunsuru wanda ya ɗauki gefen zanena abincin rana. Duk ramin da muka faɗa sai tsohuwar ta kama gwiwata ta yi salati. A wata korama muka kafe cikin rairayi, maza suka sauka turi, mu kuma muka tsaya a gefe muna ba su shawarar da ba su nema ba.

Kafin mu shiga Buza akwai shingen jandarmomi. Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma bugun zuciyar da na yi a nan ya isa na iyaka. Wani jandarma ya leƙo ya ce, "Madam, mi ac cikin kartan?" Na ce robo. Ya ce, "Roba?" Ya ɗaga murfi, sai ga wayoyi ja da baƙi, ga batir, ga ƴar fitila tana ƙifta ido. Ya ja da baya. Cikin ƙiftawar ido motar ta zama wayam, har tsohuwar da ke kukan gwiwa ta riga kowa kaiwa gindin aduwa, ta bar kajinta. Ban ga laifinsa ba, a zamanin nan wa zai ga haka bai tsorata ba? Na fito da takardar makaranta, na zuba Faransancin da nake da shi. Shugabansu ya ce in robo ne ya motsa ya gani. Ƙafa babu, sai hannu. Gaishita ta danna, hannun Ƙaguwa ya tashi a hankali ya tsaya daidai goshi, sai ka ce saluti. Wallahi mutumin nan bai san lokacin da ya rama ba. Aka fashe da dariya, suka yi hoto da ita, suka ce Allah ya ba da sa'a.

A Buza muka sauya mota. Na sha fura mai yaji wadda ta tuna mini da gida, na kuma tuna abin da zaman Keita ya mantar da ni, cewa a nan ruwan wanke hannu ma da lissafi ake zuba maka. Da yamma muka isa Madawa. Tun daga nesa hancinka zai gaya maka ka iso, albasa ce a rumbu, albasa a manyan motocin kaya, albasa a bakin hanya. Mu a Keita in ka tsaya tambayar hanya sai an gaishe ka har da mutanen gida. A nan ƴan kabu-kabu suna amsa maka ne suna tafiya, rabin kwatancen iska ta ɗauke.

Muka sauka gidan Gwaggona Tamadi, mai saƙar tabarma. Ta yi mana tuwon dawa da miyar da albasarta ta fi kukarta yawa, ta aika aka sayo kilishi, ta ce wanda ya zo Madawa bai ci ba bai zo ba. Gaishita kuwa ta sunkuyar da kai ta ƙi taɓa akushi. Gwaggo ta soma jin haushi, ta ɗauka an raina girkinta. Sai da na raɗa mata cewa a gidajensu yarinya ba ta tauna a gaban babba. Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaki tana gunaguni, kafin ta fito akushi ya koma rabi.

Alhamis da hantsi muka je shagon Baba Arzika. Dogo ne, baƙi, da farin gemu da tabarau a ɗaure da zare. Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta, ya jera ƙafafun nan huɗu a kai. Jama'a, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Ƙarfe yana sheƙi, ƴan tayoyin nan sumul, in ka taɓa ɗaya da yatsa sai ta yi ta juyi kamar ba za ta tsaya ba. Na yi guɗa a tsakiyar shagon mutane, ni malamar makaranta. Murna ta rufe mini ido. Gaishita ce kawai ta tsura musu ido, tana ɗaukar wannan tana ajiyewa, tana ɗaukar wancan.

Muka ɗaura. Maƙwabta suka taru. Aka ce Ƙaguwa ta yi gaba, sai ta zabura a karkace ta afka cikin tarin tsofaffin ƙarafa. Aka dawo da ita, aka ce ta yi gefe, ta tsaya wuri ɗaya tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sai a lokacin na duba da kyau. Duka huɗun kunnuwansu dama suka kwanta.

Na ce, "Baba, ina na hagun?"

Ya yi murmushin wanda ya yi abin kirki. "Ai na ga zanen da kunka turo, biyu sun kwanta hauni. Nic ce aikin yara na, sun birkice takarda. Wa ka aika ɗiya gasa da ƙahwar hauni? Da dama aka cin tuwo, da dama aka gaisawa, da dama aka shiga masallaci. Sai nig gyara maku."

Na yi masa bayani, ya ce abu mai sauƙi, a juya biyu a kife su. Ya kife ɗaya da hannunsa, kunnuwan suka ci gaba da kwanciya yadda suke, kamar tufkar igiya, ko ta wane baki ka riƙe ta murɗinta ɗaya ne. Ya sake juyawa, ya sake. Na ga ya gane, amma ga mutane a tsaye suna kallo. Da ni mai hankali ce da na yi shiru a nan. Ni kuwa jinina ya riga ya hau. Na ce, "Wa ya sa ku gyara? An ba ku zane, ku bi zane! Kun ɓata wa yara aikin shekara biyu da karambani!"

Magana zarar bunu ce. Baba Arzika ya cire tabarau ya goge, ya ɗauko buhu ya rufe injinsa. Ya ce, "Madam, tun ba a haihe ki ba nika hwere ƙarhe garin ga. Ɗauki kayanki, ki kai ma wanda ya iya." Ya fita ya bar mu a tsaye, bai ko waiwayo ba.

Mun zaga Madawa da rana tsaka. Masu walda akwai, masu gyaran famfon ban ruwa akwai, amma duk wanda ya ga ƙafafun sai ya ce aikin Baba Arzika ne, ba ya sa hannu a kai. Na koma da la'asar in ba da haƙuri, na tarar da ƙofa a kulle. Gaishita ba ta zarge ni ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Na so ta zage ni in samu sauƙi. Na dubi yarinyar nan da ta ƙi gida hutu biyu, na ga da bakina na rufe mata hanya, sai hawaye suka zo mini.

Da muka gaya wa Gwaggo, ta riƙe haɓa. "Arzika kika ɗaga ma murya? Ɗan gidan Sarkin Maƙera? Ai su zuciyarsu irin ƙarhensu ta, in ta sandare sai wuta." Sai na ga Gaishita ta ɗago kai a karo na farko. Ta ce, "Gwaggo, maƙeri na? Na gado?" Gwaggo ta ce tun kaka da kakanni, maƙerarsu ma tana nan bayan shago, ƙanensa ke aiki a ciki.

Juma'a da sassafe Gaishita ta ɗauki kartan ta ce mu koma. Ta ce, "Madam, don Allah yau ku bar mani magana." Na ce na bar miki har abada.

Mun sami Baba Arzika a kan tabarma a ƙofar shago da wasu dattawa, yana shan kunu, takalmansa a gefe. Ina shirin durƙusawa, sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba, har kan titi ana jin ta.

"Salamu alaikum gidan maƙera! Ina maƙerin da bai san damanai da hauninai ba?"

Na ce shi ke nan, ni na kashe, ita ta binne. Baba Arzika ya ajiye ludayi, ya dube ta ta saman tabarau. "Wagga ɗiyar wa ta?"

"Buzuwa ta, daga Ibohaman. Kakata ta ce in ka ba maƙeri aiki ka zauna kainai, in ba haka ba shi yi maka lauje mai baki a baya."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Arzika, iyayen gidanka sun iso!" Sai a nan na tuna. Maƙera da Buzaye abokan wasa ne tun fil azal. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na san wannan tun ina yarinya, amma ban taɓa tsammanin zai yi mini rana a kan robo ba.

Baba Arzika ya gyara zama, gemunsa yana rawa. "Buzuwa! Shi ya sa tun jiya shagona ka warin raƙumi. Ku da ba ku san hanya miƙaƙƙa ba, dole ku ƙera abin da ka tahiya a karkace."

"Mu ko raƙuminmu ƙahwa biyu dama, biyu hauni Allah ya yi mai. Ko shi ma birkice takarda anka yi?"

Kafin ya ba da amsa ta sunkuya ta ɗauke takalminsa na hagu, ta ɓoye a cikin mayafi. "Tunda ba ku son hauni, wanga ya zama nawa. Yau Juma'a, ku ari na dama ku haɗa biyu ku tahi masallaci."

Ya dubi takalmi ɗayan da ya rage, ya dubi ƙafarsa. Ya yi dariya har da tari, har sai da aka buga masa baya. Da ya lafa ya miƙa hannu ya ce, "Kawo ƙahwahun, ɓarauniya." Ni ko kallona bai yi ba, ni ma ban nemi a kalle ni ba.

Faifan ƙarfe irin wannan babu saura, dole a gyara na hannu. Ya ce in aka murɗe kunnuwan da sanyi za su karye, sai an kai su wuta. Aka kwance ƴan tayoyin roba daga ƙafa biyu, muka zagaya bayan shago zuwa maƙerar gado. Ga mai injin zamani a durƙushe gaban uwar maƙera, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya sa Gaishita a bakin zugazugi, ya ce yau Buzuwa za ta yi bauta. Ta zuga, gawayi ya yi ja. Yana sa wuyan kunne ɗaya a wuta, in ya yi jajir sai ya kama da awartaki ya murɗo shi a hankali zuwa hagu. Ita kuma ta yanko kwali daidai karkatar da take so, tana gwadawa tana cewa, "Saura kaɗan, maƙeri, ko idon ma na dama kaɗai ka gani?" Yana ramawa, tana ramawa. Ni aikina kawo ruwa da riƙe baki, kuma na biyun ya fi wuya.

Ana cikin haka wani kunne ya ce ƙas, ya tsage. Baba Arzika ya kai shi walda, ya goge, sannan ya ɗora ƙafafun a kan tur yana juya su yana sauraro, har sai da suka daina rawa. Ladan ya yi kira aiki bai ƙare ba. Gaishita ta fito da takalmin ta ajiye a gabansa ta ce aro ne, a dawo mata da shi. Suka tafi masallaci, mu kuma muka zauna muna mayar da ƴan tayoyi. Provizar ya kira sau ba adadi, ban ɗauka ba.

Da aka sauko, rabin masallacin ya biyo Baba Arzika, don labari ya bazu. Aka share dandamalin siminti a ƙofar shago. Muka ɗaura, ta dama gaba da ta hagu, a baya kuma a musanya. Na ɗaga waya ina ɗauka. Gaishita ta yi bisimilla ta danna gaba, Ƙaguwa ta tafi sak. Ta tsayar da ita. Ta danna gefe.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fuskarta tana kallon titi, ba ta juya ko kaɗan ba, amma sai ta zame hagu sulululu kamar an ja ta da zare. Ta dawo dama, ta koma hagu. Wani ya yi kabbara, yara suka yi ihu, wani mai kabu-kabu ya kusa shiga kwata don kallo. Bidiyon da na ɗauka rabinsa sama ce da ƙasa, saboda tsalle nake yi ina guɗa. Haka na tura shi. Inuwa ba ta gama kaiwa la'asar ba provizar ya kira, ya ce yara za su taso da asuba, mu jira su a tasha.

Na juya in rungume Gaishita, sai na ga ta durƙusa a gaban Baba Arzika, ta ja mayafi ta rufe fuska. Muryar wasan nan ta tafi, ta koma ƴar ƙaramar da na sani. Kuka take yi. Ta ce, "Baba, ku gahwarce ni. Wallahi ban taɓa yi ma babba magana haka ba, kakata kawai nika gani tana yi."

Ya ce, "Tashi, tashi! Ina kika taɓa ganin Buzuwa ta durƙusa ma maƙeri? Kar ki ɓata muna wasa."

Ni ma na matso na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, gaskiya na faɗa, sai dai na faɗe ta da guduma. Sannan ya dubi Ƙaguwa, ya rage murya yadda mu biyu kawai muka ji.

"Tun da gemuna ya yi hwari ba wanda ya sake ce mani na yi kure. In aiki bai yi ba, sai su yi godiya su ɗauka su kai wani gari, ban ƙara ganinsu. Ina zaune ina cewa kasuwa ta ja baya." Ya dubi Gaishita. "Ke kin dawo, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka."

Ta ce amin, tana share hanci da bayan hannu. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki Ƙaguwa da hannu biyu, ya sa ta a kartan da kansa.